Daga Lifidin Sarki Kananeji Zuwa Abin Wuya Mai Magana da Tauraron Ɗan'adam

Kwanakin nan hotuna na ta yawo a Facebook da TikTok: ga kare da abin wuya mai nuna inda yake a taswirar waya, ga mage tana jiran akushin da ke buɗe kansa idan lokacin cin abinci ya yi. Mafi yawan mutanenmu cewa suke wannan shagalin waɗanda suka ƙoshi ne. Ni kuwa a ganina, wanda ya tashi a ƙasar Kano bai kamata ya yi mamakin a kashe wa dabba dukiya da fasaha ba, domin mun haura shekara 600 muna yin haka.

Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Sarki Kananeji ɗan Yaji, da ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, bayan asarar da Kanawa suka yi a yaƙin Umbatu. Lifidi riga ce mai kauri, ana cusa mata auduga ko audugar rimi, a bi ta da ɗinki layi-layi don kada cushen ya taru wuri ɗaya, sannan a lulluɓe doki da ita tun daga wuya har ƙasan gwiwa, mahayi ma ya sa tasa. Kibiya mai dafi kan maƙale a cikin cushen ba ta kai ga fata ba. A zamaninsa babu fasahar da ta fi shi, kuma kayan haɗinsa a gonakinmu suke. Wanda ya san Unguwar Rimi da hanyar Rimin Gado ya san rimi ba baƙo ba ne a nan. Yana da nasa aibin: nauyi gare shi, yana gajiyar da doki, wuta kuma abokiyar gabarsa ce, shi ya sa maharba suka koyi harba kibiya mai wuta.

Da Muhammadu Rumfa ya hau a 1463, sai doki ya ƙara zama abin nuna isa. Shi aka ce ya fara dawakin zage, waɗanda ake ja a gaban sarki da cikakken ado babu kowa a kansu. A zamaninsa kuma aka kafa kasuwar Kurmi, inda har gobe ake sayar da kayan doki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfunan nan ya san doki ɗaya na ciyar da gidaje da yawa. Masassaƙi ne ke fitar da itacen sirdi, baduku ya rufe shi da jar fata. Maƙeri ya ƙera linzami da likkafa, irin mai faɗin nan da tafin ƙafa ke zama a ciki gaba ɗaya. Maɗinki ya zauna makonni a kan jalala guda yana zuba mata aiki da zare mai ƙyalli. Sai zubka a ƙarƙashin sirdi don kada ya ci bayan doki, majayi ya ɗaure ciki, kamazuru a hannun mahayi, ɗan kai a goshi, ja-kutiri a baya, ga layu jere a wuya. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu buƙata ce ta haife shi kafin ado ya hau kansa.

Amma ba duk abin da muka gada ne alheri ga dabbar ba. Linzaminmu na gargajiya, mai harshen ƙarfe da zoben da ke kama haɓa, yana tsayar da doki cak a tsakiyar sukuwa, wanda shi ne abin burgewar jafi a ƙofar fada. Sai dai a hannun yaron da bai ƙware ba, za ka ga kumfar bakin doki ta koma ja. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin kilisa da hawan angwanci, musamman dawakin haya da ke wuni ana musayar mahaya a kansu.

Bindigar Turawa ce ta kawo ƙarshen aikin lifidi. Bayan faɗuwar Kano a watan Fabrairun 1903, kayan yaƙi suka koma kayan hawa: Hawan Sallah, Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, Hawan Ɗorayi da na Fanisau, inda hakimai ke shigowa birni da mahayansu. An yi wa Yariman Ingila gagarumin hawa a Kano a 1925, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Wancan tarihin fada ne. Na ƙauye daban yake, kuma shi aka fi mantawa. A Tofa da Lambu da Doka da Yarimawa da Langel, gona na jingine da gona, babu saurar da za a saki dabba ta yi kiwo da damina. Wannan ƙarancin fili shi ya tsara kayan dabbobinmu. Da zarar shuka ta fito, akuya da tunkiya sai turke, ana yanko musu ciyawa, da kaka a tara musu harawa da karmami a kan bishiya ko rufin ɗaki. Jaki a sa masa dabaibayi, in zai ratsa gonaki a ɗaura masa takunkumi don kada ya jawo rigima da maƙwabta. Takin da ya taru a turke kuwa shi ke komawa gona. Masanin nan Michael Mortimore, da ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki. Mangala da akumari su suka riƙe wannan noma, ba su da ƙyalli, ba a kuma yi musu kirari. Akumarin da aka cusa da kyau yana hana bayan jaki gyambo. Wanda aka yi wa aikin ganin ido kuwa, mako biyu ya isa ka ga ƙuda na bin dabbar. Yau babur mai ƙafa uku ya karɓe yawancin aikin, cinikin fatar jaki zuwa Sin ya rage yawansu, har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka su domin fata a Fabrairun 2024, masu ɗinkin akumari kuma sun zama 'yan ƙalilan.

Dabbobin sha'awa ma muna da su. Mage ce mai gadin rumbu. Maharbi yakan yi wa karensa abin wuya na fata, wani har da wuri da laya. Yara kuwa tattabara ce tasu: tsohuwar tukunya ko garwa a rataye a jikin katanga, zobe ko ɗan zare mai launi a ƙafa, don in ta bi garken maƙwabci a gane ta. Mai shanu yana da tsagar da yake yi a kunne, wasu kuma su yi lalas a cinya, kodayake addini ya hana yin sa a fuska. Duk tambaya ɗaya suke amsawa: ta wane ce, kuma ina ta shiga?

Ita ce dai tambayar da na'urorin yau ke amsawa, sai dai mutane na cakuɗa su. Akwai ƙwayar shaida da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, likitan dabbobi ke tura ta ƙarƙashin fata da allura. Ba ta da batir, ba ta nuna inda dabba take. Lamba ce kawai mai alƙaluma 15, sai an kara na'urar karantawa a jikin dabbar za ta bayyana, a duba rajista a ga sunan mai ita. Ingila ta wajabta ta ga karnuka a Afrilun 2016, ga kuliyoyi kuma a Yunin 2024. Shi kuwa abin wuya mai GPS, irin na kamfanin Tractive na ƙasar Ostiriya, yana karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam ya aika wa wayarka ta layin sadarwa, don haka yana son caji, yana son sabis, yana son kuɗin wata. A Norwe kamfanin Nofence ya yi wa awaki da shanu shingen da ba a gani: ka zana iyaka a waya, in dabba ta kusanto sai abin wuyan ya yi ƙara, in ta ƙi juyawa ya ɗan ja ta da lantarki. Masu tseren tattabara a Beljiyam suna sa musu zobe mai na'ura da ke rubuta daƙiƙar da suka sauka gida, kuma a can ne aka sayar da wata mai suna New Kim a kan Yuro miliyan 1.6 a 2020.

To, wanne ne zai amfani mutumin Tofa? Akushi mai buɗe kansa ba namu ba ne, gidajenmu ba sa rabuwa da mutane. Shingen da ba a gani kuwa tsadarsa ta fi ƙarfin mai awaki biyar. Ciwonmu shi ne sata: ragon da uwar gida ta yi wata takwas tana ba shi dusa da ƙowa, a haura katanga a ɗauke shi ana saura kwanaki Babbar Sallah, ko bijiman huɗa da magidanci ya haɗa da kuɗin gyaɗa da na bashi. A nan abin wuya mai GPS zai iya taimakawa a sa'o'in farko, kafin ɓarawo ya lura ya yanke shi, kuma badukunmu na iya ɗinke shi cikin fata yadda ba zai ja ido ba. Ƙwayar shaida ta fi wuyar cirewa, amma ba ta da amfani sai an sami rajista guda da na'urar karantawa a hannun sarakunan kara a Wudil da Dambatta da Maigatari, ta yadda dabbar sata ba za ta sayu ba. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Tunda gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, a nan ya kamata a matsa mata.

Kafin duk wannan akwai allurar rigakafin haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, da dama daga cikinsu yara ne, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. Karnukan farauta da na gadi da ke ƙauyukanmu da yawa ba su taɓa ganin wannan allura ba, alhali kuɗinta bai kai ko kusa da na abin wuya mai GPS ba. Mai kare ya nemi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ya tambaya, a kuma riƙa maimaita ta kowace shekara.