Yadda Duwatsun Kazaure Suka Hau Takarda

Tun kafin wani ya zana taswirar ƙasar Kazaure, mazaunanta sun san amfanin tsaunukanta. Ɗan Tunku ya ja daga da Sarkin Kano Ibrahim Dabo wajen 1819, ɗansa Dambo kuwa ya ɗauke mazaunin sarauta daga Dambatta ya kai shi Kazaure, inda duwatsu ke yi wa gari kariya. Wannan sani a ƙwaƙwalwar mayaƙa da mafarauta da fatake yake.

Turawan da suka fara awo a arewacin yankin ba tsauni ne ya dame su ba, iyaka ce. Bayan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906, ayarin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho ya bi daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi yana kafa turaku 148, layin kuma ya ratsa ta arewacin Ɓaɓura. Taswirorin wancan zamani sun kula da gari da rijiya da hanya. Dutse kuwa 'yar inuwa ake shafa masa a wuce.

Sai bayan 1946, da Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka, aka soma ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. Hotuna biyu na wuri guda, in aka dube su tare ta madubi na musamman, sai tudu ya taso, kwari ya lotsa. Daga nan aka zana layukan da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya, a kan ma'aunin da santimita 2 ke wakiltar kilomita 1. Inda layukan suka cunkushe, kamar a duwatsun Roni da Kazaure, hawa ne mai wuya.

Abin da ya fi ban sha'awa a fili ya ɓullo, can gabas da duwatsun. Hotunan sun nuna jigayi jere da juna, sun miƙe bisa hanyar iskar hunturu. A 1958 masanin ƙasa A. T. Grove ya bayyana su da cewa ragowar tsohuwar hamada ce. Kimanin shekaru 20,000 da suka shuɗe, sa'ad da ƙanƙara ke sassaƙa tsaunukan gaɓar Norwe da Alaska, fari ne ya mamaye nan, iska ta tara rairayin da ake shuka gero a kansa yau. Daga irin jigayin nan jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samo sunanta.