Ina Kurege Ya Samo Ƙanzo?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ji an katse wani da cewa, "Kai malam, wannan ai ƙanzon kurege ne." Kowa ya san ana nufin labarin da ba shi da tushe. Amma me ya haɗa kurege da ƙanzo?

Amsar tana cikin tukunya. Ƙanzo shi ne abin da ke kamawa a gindin tukunya bayan an kwashe tuwo. Mata kan kankare shi, su shanya, daga baya a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ba a samun ƙanzo sai an hura wuta, an ɗora tukunya, an tuƙa. Shi kuwa kurege a rami yake kwana, gyaɗar gonar mutane yake tonowa ya ci ɗanya, bai taɓa ɗora girki ba. A ganina nan ne asalin maganar: wanda ya ce ya ga ƙanzon kurege ya ba da shaidar abin da babu shi. Ga shi kuma a tatsuniya an san kurege da wayo da yaudara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, kalmomin da muke kiran sahihin bayani da su yawanci baƙi ne. "Labari" daga Larabci ya zo, har harafin "al" ya manne masa, kamar yadda ya manne wa "littafi" da "lokaci". Shi ya sa masu Swahili, da suka ari kalmar ba tare da shi ba, ke cewa "habari". "Jarida" ma Larabci ce, "rahoto" kuma Turanci.

Kalmomin zargi kuwa a gida aka ƙera su. "Jita-jita" ji ne a kan ji, ba ganau sai jiyau. "Raɗe-raɗi" daga raɗa yake, maganar da ake yi baki a kunne. Da rediyo ya shigo, sai aka laƙaba wa mai yawo da zance "rediyo mai jini".

Irin wannan jita-jitar, cewa za a miƙa Najeriya ga Jamus, tana cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Hausa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. A lokacin kwabo ɗaya ake sayar da ita, aka raɗa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo.