Daga Iskandariyya Zuwa Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41

Ya kai mai karatu, ka sani cewa a cikin lambobi akwai waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kuma kansu, kamar 2, 3, 7 da 31. Malaman hisabi na Larabci suna kiran irin wannan lamba adadi awwali.

Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Uƙlidis na Iskandariyya ya kafa wata ƙa'ida. Jera 2 sau uku ka ninka su, ka sami 8; cire 1, saura 7, wadda ba ta rabuwa. Ninka 7 da rabin 8, ka sami 28. Ita kuwa 28 kamilar lamba ce, domin in ka tara lambobin da ke raba ta, wato 1, 2, 4, 7 da 14, ita ɗin za ka sake samu. Duk sa'ad da cire 1 ya haifar da lamba mara rabuwa, to kamila na biye da ita.

Sai dai ba kullum yake haifarwa ba. Dole yawan jerin ya zama mara rabuwa, amma wannan sharaɗi bai wadatar ba: 2 sau 11 a cire 1 ya ba da 2047, alhali ita 23 ce sau 89. A nan manyan masana suka yi tuntuɓe. A ƙarni na 13, Isma'il ibn Fallus ya lissafa lambobi goma a matsayin kamilai. Bakwai daidai ne, uku kuskure. A 1644 malamin coci na Faransa, Marin Mersenne, wanda lambobin ke ɗauke da sunansa, ya sanya jerin 67 cikin marasa rabuwa. A 1903 Frank Cole ya nuna cewa lambar da ke fita daga wannan jeri ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Wanda ya riƙi hujja kuwa bai kunyata ba. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar, da hannu, cewa 2 sau 127 a cire 1 ba ta rabuwa, ga ta da alƙaluma 39. Hanyarsa, bayan gyaran Lehmer, ta zama abin da kwamfutoci suka dogara da shi. A Oktoban 2024 Luke Durant, cikin shirin GIMPS, ya gano 2 sau 136,279,841 a cire 1: alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani a wannan dangi.

Ibn Fallus da Mersenne ba jahilai ba ne. Zato ne ya yi musu kama da yaƙini. Har yau ba wanda ya tabbatar ko lambobin Mersenne marasa rabuwa suna da iyaka, ko kuwa babu. Saboda haka, ɗan'uwa, in an kawo maka magana a kan wannan, tambayi hujja kafin ka tambayi sunan mai ita. Allah ne mafi sani.