Sulallan Tagulla na Daular Rum

Sulallan tagulla su ne kuɗin talakan Rum. Da su ake sayen burodi da man fitila, ake biyan kuɗin shiga gidan wanka. Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki Augustus ya daidaita tsarinsu. Babba shi ne sestertius, wanda aka ƙera da gaurayen jan ƙarfe da tutiya, yana daidai da ƙananan sulallan as huɗu na jan ƙarfe zalla. Sestertius huɗu kuma su ne dinarin azurfa ɗaya. Akasarin sulallan tagullar suna ɗauke da haruffan SC, wato da izinin majalisar dattawa.

Faɗin sestertius ya ba maƙera sarari, kuma a nan ne gwanintarsu ta fi fitowa. Sarki Nero ya sa an zana tashar jiragen ruwa ta Ostiya da jiragenta. Vespasian ya buga na murnar cin ƙasar Yahudiya a shekara ta 71, da mace zaune tana baƙin ciki a gindin dabino. Titus kuwa ya sa hoton filin wasa na Kolosiyam. Rubutun da ke kewaye da fuskar sarki ma ba ado ba ne kawai, domin ana sabunta wasu muƙamansa duk shekara, lambar da ke gefen muƙamin kan nuna shekarar da aka buga sulen.

A ƙarni na 3 darajar kuɗi ta zube, aka daina buga sestertius wajen shekarun 260. Diocletian ya fito da sabon sule mai shafen azurfa a 294, amma magadansa suka yi ta rage masa nauyi. Waɗannan ƙananan na ƙarshe su suka fi yawa a hannun masu tarawa yau, kuma da yawansu suna da alamar garin da aka buga su, kamar Landan, Trier, Antakiya ko Iskandariya.

Tara su tsohuwar sha'awa ce. Mawaƙi Petrarch ya ba sarki Charles na 4 kyautar sulallan Rum a 1354. A ƙarni na 16 Giovanni da Cavino na Padua ya ƙera kwaikwayon sestertius da har yanzu ke ruɗin masu saye. Joseph Eckhel ya aza harsashin nazarin sulallan a ƙarshen ƙarni na 18, sai kundin Roman Imperial Coinage da Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara a 1923, aka kammala juzu'insa na goma a 1994.

Masana suna daraja koriyar tsatsar da shekaru suka lulluɓe sulen da ita, kuma goge ta ɓarna ce. Babbar asara ita ce haƙo sule ba tare da rubuta inda aka same shi ba. Tulun da aka gano a Frome ta Ingila a 2010, mai ɗauke da sulalla 52,503, ya amfani masu bincike ne saboda wanda ya gano shi ya bar wa masana haƙarsa.