Ɗakin Mesa na Wida

Jama'ar Zango, wanda ya bar Kwatano ya kama hanyar Lome, tafiyar kilomita 40 za ta kai shi Wida, inda ɗakin tsafin Dangbe yake. Mutanen Huweda ne suke bauta wa wannan mesa tun suna da daularsu a Sabi. A 1727 Sarki Agaja na Dahome ya ci su da yaƙi. Daula ta faɗi, amma tsafin ya ci gaba a Wida har yau.

Ginin ba shi da wata ƙasaita: katanga ce, da tsakar gida, da tsohuwar bishiyar loko, da 'yan ɗakuna. A cikin ɗaya mesoshin suke kwance. Ba su da dafi, kuma wadda ta fita gari akan mayar da ita, ba a kashe ta. Daura da ƙofar akwai babban cocin Katolika da aka kammala a 1909.

Ban ga laifin yaranmu su je su ga tarihi ba. Sai dai su sani, mesar da ake rataya wa baƙo a wuya don hoto abin bauta ce a wurin masu ita, Musulmi kuwa gara ya tsaya a kallo.