Daga Dalma Zuwa Ƙarfe: Yadda Aka Matse Bakin Bindigar Farauta, Aka Dawo Ana Buɗe Shi

Dinya ba ta kamuwa da arha. Babban namijinta yakan haura kilo 5, gashinta da kauri, ga ta da wayon da ba ta bari mutum ya matso. In damina ta cika fadamun kwarin Tarka a ƙasar Madawa, inda gundumar Galma Kudawace take, ko ruwa ya kwanta a bayan ƙananan madatsun aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984, tsuntsayen ruwa sukan sauka, mafarauci kuma ya sake karo da tsohuwar matsalarsa: ƙwayoyin harsashi suna warwatsewa kafin su isa inda aka nufa. Wannan matsala ce ta sa maƙeran Turai da Amurka suka taɓa bakin bindiga shekaru fiye da 150 da suka wuce.

Da dalma aka fara. A 1782 wani mutumin Biristol a Ingila, William Watts, ya yi rajistar dabarar zubo narkakkiyar dalma daga saman hasumiya ta cikin rariya, tana dunƙulewa a iska, ta faɗa ruwa ta sandare. Ƙwayoyi suka yi arha, suka zama bai ɗaya. Hatta lambar da ake kiran bindiga da ita daga dalma ta fito: in ƙwallayen dalma 12 masu cika bututun sun yi nauyin laba ɗaya, bindigar lamba 12 ce, faɗin bututunta wajen milimita 18.5. Lamba 10, wadda masu harbin dinya a Amurka suke ji da ita, ta kusa milimita 20.

Amma bututun a miƙe yake sambal daga gindi har baki, don haka harbin nesa sai sa'a. A 1866 mutum biyu suka yi rajistar dabarar matse bakin, William Pape a Niyukasil da Sylvester Roper a Amurka, wani maharbin agwagi na jihar Ilinoi, Fred Kimble, shi ma ya ce tasa ce. Wanda ya mayar da ita sana'a dai shi ne W. W. Greener na Bamingam, wanda bindigoginsa suka yi zarra a gasar da mujallar The Field ta shirya a 1875. Matsin bai taka kara ya karya ba, bai cika wuce milimita 1 ba, sai dai aikinsa babba ne. A nisan yadi 40, cikin da'ira mai faɗin inci 30, miƙaƙƙen bututu yakan zuba wajen kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyinsa, mai cikakken matsi kuwa wajen kashi 70. Abin da ya sa dabarar ta yi aiki shi ne taushin dalma. In ƙwayoyin sun iso ƙuncin sai su lotsa, su ba juna hanya, su wuce ba tare da sun ji wa bututun ciwo ba.

Ƙasar Hausa ba ta bi wannan hanya ba, kuma ba don rashin gwanaye ba. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu, ana haɗa albarushi, ana zuba igwa. Abin da ya tare hanya siyasa ce: yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, ta bar wa talaka bindigar da ake ɗurawa ta baki. Maƙeranmu suka riƙe ta, suka gyara, suka ƙera tasu, har ta zama bindigar toka ko harbi-ka-ruga da aka sani yau. Ita ba ta da matsi, kuma ba ta zaɓen abinci. In babu dalma, guntayen ƙusa da ƙwallayen ƙarfen keke ma sun wadatar. Wato mafaraucin ƙasar Hausa ya daɗe yana harba ƙarfe tun kafin a wajabta wa Bature. Daga baya ne lamba 12 mai baki ɗaya, irin su Baikal ta Rasha, ta bazu a Afirka ta Yamma, da matsinta na dindindin tun daga masana'anta.

Sai dalma ta tona wa kanta asiri. Ƙwayoyin da ba su sami tsuntsu ba suna nutsewa cikin laka, agwagi su tsince su a zaton tsakuwa ce, ƙundu ya niƙe su, gubar ta shiga jini. A 1959 Frank Bellrose ya fitar da bincikensa a Ilinoi, ya ƙiyasta cewa kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na tsuntsayen ruwan Arewacin Amurka suna mutuwa haka kowace shekara. An yi ta ja-in-ja shekaru fiye da 30 kafin Amurka ta haramta dalma a farautar tsuntsayen ruwa a 1991. Denmak ta hana ta gaba ɗaya a 1996, Faransa ta hana a dausayi a 2006, Tarayyar Turai ta bi a 2023. Yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda ta fara aiki a 1999, Nijar da Najeriya suna cikinta, ita ma ta nemi a bar dalma a dausayi. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Zamfara a 2010, agwagi ne suka fara ɓacewa daga ƙauyuka kafin yara fiye da 400 su rasu, ko da yake waccan dalmar daga dutsen zinariya ta fito.

Ƙarfe ne ya gaji dalma saboda arha, ya zo da halinsa. Ya fi ta rashin nauyi, giram 7.8 a inda dalma mai girma ɗaya da shi take giram 11.3, don haka sai an ƙara girman ƙwaya da mataki biyu kafin ta kayar da dinya. Kuma ba ya lotsawa. Manyan ƙwayoyi masu tauri in suka taru a ƙuncin tsohuwar bindiga, kamar shanu ne a ƙofar garke, ƙofar ce take shan wahala. Bututun yakan kumbura zobe guda dab da baki, a bindiga mai baki biyu ma har haɗin bututun ya saki.

Nan tarihi ya juya da baya. Maƙeran da kakanninsu suka yi suna wajen matsewa suka koma rarake bakin tsofaffin bindigogi zuwa rabin matsi ko ƙasa da haka, suka kuma tarar ba a yi asara ba, domin ƙarfe da yake ba ya lotsawa yana tafiya a dunƙule, rabin matsi yakan ba shi abin da cikakke yake ba dalma. Masu bututu mai kauri sukan sa a yanka musu zare a ɗaura matsin da ake kwancewa, irin wanda Winchester ta yaɗa daga 1969. Waɗanda ba sa son a taɓa bindigar gado sukan sayi ƙwayoyin bismut masu taushi, su biya tsada. A Turai bindigar da ta ci gwajin ƙarfe mai ƙarfi ana buga mata hatimin fure a gindin bututu.

A Nijar doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ce take tsara farauta, kuma lasisi da lokacin buɗe daji suna hannun ma'aikatan gandun daji. Harsashin lamba 12 kuwa mafi yawansa daga waje yake zuwa, daga masana'antun da suke ta komawa ƙarfe. Mafaraucin Galma ko Keita da ya sayi kwali, ya duba jikinsa: in an rubuta acier ko steel, ƙarfe ne. Kada ya sa shi a tsohuwar bindiga mai cikakken matsi, balle wadda aka ƙera da bututun famfo, sai maƙerin da ya san aikin ya auna bakinta.