Tafkin Suwa: Kundin Daskarewar Ruwa Tun 1443

Mazaunin Paiko ko Minna, wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu, zai yi mamakin jin cewa akwai tafkin da samansa ke zama ƙanƙara ɗungurungum. Tafkin Suwa na cikin irinsu. Yana tsakanin duwatsun lardin Nagano a ƙasar Japan, kimanin mita 759 sama da matakin teku.

Idan tafkin ya daskare gaba ɗaya, ƙanƙarar takan takure da dare, ta buɗe da rana, har ta tsage ta tura juna sama, ta yi doguwar kunya kamar ta gona a kan ruwan. Mutanen wurin na kiranta Omiwatari, kuma a addininsu na Shinto suna ɗaukarta sawun wani abin bautarsu da ya ƙetare tafkin. Saboda wannan imani ne masu hidimar wuraren bauta suka fara rubuta ranar daskarewar tafkin da ranar bayyanar kunyar tun 1443. A yau limamin wurin bauta na Yatsurugi da dattawan yankin ne ke fita da asuba, daga farkon Janairu zuwa farkon Fabrairu, su auna sanyin ruwa da kaurin ƙanƙara.

Ba don kimiyya suka fara ba, amma masana yanayi sun ci moriyar aikin. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa tsakanin 1443 da 1700 sau uku kacal tafkin ya ƙi daskarewa, alhali tsakanin 1950 da 2004 hakan ya faru sau 12. Babu na'urar zamani da za ta iya ba da wannan shaida ta ɗumamar yanayi, domin ba a ƙirƙiro ma'aunin zafi ba lokacin da aka buɗe kundin. Binciken ya kuma duba bayanan narkewar ƙanƙarar kogin Torne a Finland, waɗanda aka fara tarawa a 1693.

A Nijeriya abin lura shi ne hawa da saukar ruwa. Tafkin Kainji a Jihar Neja yana samun cikowa biyu a shekara: ta damina mai laka, da wadda ke isowa da hunturu daga ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini watanni kafin nan.